Zuwa ga Gidan Ilojo, wanda aka rushe ranar jajibere

Gidan Ilojo,
Lamba 6, Titin Alli, kwanar Titin Bamgbose,
Dandalin Tinubu, Tsibirin Legas.

Dattijo,

 A al'ada da tambayar lafiya ake buɗe wasiƙa, to kai kuwa ba halin a tambaye ka, domin tun ranar Lahadi, 11 ga Satumba, 2016, katafila ta kwantar da kai. Adireshin da na sa a sama daga jerin gine-ginen tarihin Nijeriya na ɗauko shi, jerin da aka shigar da sunanka a 1956, aka ce daga ranar babu mai ikon cire ko bulo ɗaya daga jikinka sai da izinin hukuma. Shekara 60 cif kana riƙe da wannan alkawari, amma a yini guda aka gama da kai.

Ranar jajiberen Babbar Sallah ce. Alhazai suna tsayuwar Arfa, mu na gida kuma hankali ya tafi ga cinikin rago da karɓo ɗinki wurin tela. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Litinin da Talata, ma'ana ofisoshi sun rufe tun yammacin Juma'a, ba mai komawa sai Laraba. Tsibirin Legas, inda ranar aiki babu masakar tsinke, ranar Lahadi kantuna a kulle suke, masu su suna can ƙetaren gada. Duk wanda ya zaɓi wannan rana ya san kalanda sarai. Ya kuma san cewa kafin labari ya kai kunnen mai iya cewa a dakata, sai dai a zo a tarar da ɓaraguzai. Haka kuwa aka yi.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da makokin gidan da ke Ikko, gidan ma da aka fi sani da sunan mashaya. Akwai ma wanda zai ce gara da aka rushe. Ban zo wanke abin da aka sha a ƙasanka ba, wannan tsakanin masu sha ne da Mahaliccinsu. Sai dai masu wannan magana su sani, jama'ar maginan da suka zo da irin fasalinka su ne suka gina Masallacin Shitta-Bey da ke Titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, kuma har gobe ana salla a cikinsa. João Baptista da Costa sunan maginin da ya jagoranci aikin, Muhammadu Shitta kuma shi ya biya kuɗin. Ni hannun da ya gina ka nake wa kuka, da doguwar hanyar da hannun ya bi kafin ya iso bakin wannan dandali. A kan hanyar akwai sawun mutanenmu, zan zo kansa.

Bari in fara da siffarka, tunda yaran da aka haifa bayan 2016 sai dai a nuna musu hoto. Bene ne kai mai hawa ɗaya, zaune a kan kwana, kana kallon titi biyu lokaci guda. Ƙasa ta ciniki ce, sama ta kwana. Ƙofofin ƙasa dogaye ne a jere, kowace da baka a kanta, suna buɗewa kai tsaye kan titi yadda mai wucewa zai ga haja ba sai ya yi sallama ba. A sama tagogi ne masu tsayi kamar ƙofa, su ma da nasu bakunan, a gabansu kuma baranda ta ƙarfe da maƙeri ya murɗa ya lanƙwasa har ta zama ado. Zanen da ke kewaye da ƙofofi da tagogin da yaɓe aka fitar da shi, da cokalin magini, tun yaɓen yana ɗanye. Can ƙoli an ja gajeriyar katanga ta ɓoye bakin rufi, a kanta mutum-mutumi yana tsaye, shi ya sa wasu ke ce maka gidan mala'ika.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya zai ga abin a juye. Gidanmu baya yake juya wa titi. Zaure kaɗai yake nuna wa baƙo, kasuwanci kuma yana can kasuwa, a rumfa. Bakan gizon magininmu a cikin ɗaki yake, yana ɗauke da rufi, sai wanda aka yi wa iso yake ganinsa. Kai kuwa bakunanka a fuska suke, don mai tafiya a titi. Tunani ne daban game da yadda gida da gari za su zauna da juna, kuma tunanin ɗan kasuwa ne tsantsa: gini mai kyau talla ne, mai saye yana yarda da kantin da bangonsa ya nuna cewa mai shi ba gobe zai tattara ya gudu ba.

Kuma babu abin da aka sa a jikinka don ado kawai. A zamanin da aka kafa irinku, Legas ba ta da banki, sai a shekarun 1890 aka buɗe na farko. Dukiyar mai kanti tana cikin kantinsa, saboda haka a kanta yake kwana. Wutar lantarki ma sai wajen ƙarshen ƙarnin ta iso, don haka tsayin taga shi ne fitila, shi ne fanka. Rufi mai nisa yana barin zafi ya hau sama, taga tana fuskantar taga iskar teku ta ratsa ta wuce, bangon jan bulo mai kauri yana hana ranar tsaka shiga ɗaki. Hawan sama yana nisanta iyali da laimar ƙasa da ambaliyar damina, a tsibirin da ko'ina ka haƙa ba ka yin nisa sai ka tarar da ruwa. A garin da gobara ke cinye unguwar jinka a dare ɗaya, bulo ƙonanne shi ne inshorar mai haja. Manyan kantunan gilashi da suka kewaye dandalin yanzu, in janareta ya tsaya minti kaɗan, masu shago sai sun fito waje shan iska.

Takardun hukuma sun ce a 1855 aka gina ka, iyalin Fernandez suka sa aikin, shi ya sa sunanka na farko Casa do Fernandez. Maginan kuwa 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Burazil. A Legas Aguda ake ce musu, unguwarsu Popo Aguda, wadda ta haɗa da Titin Bamgbose da Dandalin Campos da Titin Kakawa. Fasalin da suka zo da shi na birnin Salvador ne, a jihar Bahia, inda ake kiran irin wannan bene sobrado. A can tsarin a bayyane yake: sama ta ubangida ce da iyalinsa, ƙasa ta haja ce da bayi. Bawa shi ya kwaɓa ƙasa, shi ya ɗora bulo, shi ya murɗa ƙarfen baranda, amma ba ya hawa sama sai in an aike shi. Wasu daga cikin waɗannan bayi suna aiki a titi, su kai wa ubangida kason da ya yanka musu su ajiye ragowar, shekara da shekaru, har su fanshi kansu, su kuma tara kuɗin jirgi. Da suka sauka Legas sai suka gina irin gidan da suka sani, wa masu kuɗin gari da kuma wa kansu, wannan karon su suka hau sama suka kwanta. Duk lokacin da na kalli hoton irinku, wannan nake gani kafin in ga ado. Mutum ya tafi a ɗaure cikin cikin jirgi, ya dawo da sana'ar da ta sauya fuskar gari.

Burazil ta karɓi 'yan Afirka sama da miliyan 4, fiye da kowace ƙasa, ba ta kuma soke bauta ba sai a 1888. Abin da ba a cika koya wa yaranmu ba shi ne akwai Hausawa da yawa a cikinsu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, dillalai suka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu har bakin teku, tashar Legas tana cikin manyan mafitarsu, Bahia kuma babbar masaukinsu. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukumar Salvador ta gano shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, a 1814 kuma suka tashi a wuraren kamun kifi na bakin teku kusa da birnin. A ƙarshen shekarun 1840 wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu, suka yi ta lissafa masa garuruwa da hanyoyin fatake, ya buga a 1851. Ka duba wannan abu: Bature yana koyon taswirar ƙasarmu daga bakin mutanen da muka sayar.

Tawayen da ya fi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, cikin watan azumi, wanda Musulmin Salvador suka shirya. Mafi yawansu Yarbawa ne, da Hausawa kaɗan a ciki. Sun fito cikin fararen riguna, aka murƙushe su kafin rana ta yi nisa, a jikin waɗanda aka kashe aka sami layu da takardu da rubutun Larabci. Bayan haka hukuma ta tsananta wa duk baƙar fatar da aka haifa a Afirka, ta kori wasu 'yantattu, wasu kuma suka ga zaman ya ƙi suka biya kuɗin jirgi da kansu. Daga nan komowar ta yi ƙarfi, zuwa Wida da Porto-Novo da Ankara da Legas. Zuwa shekarun 1880 Agudan Legas sun haura 3,000. Galibinsu Katolika ne, amma akwai gidajen Musulmi a cikinsu. Sunayen da Silva da da Rocha da Pereira da Campos da ake ji a Legas har yau daga nan suka fito, haka ma wake da madarar kwakwa da suke dafawa a lokacin Ista. Ba na cewa Bahaushe ne ya ɗora bulonka. Ina cewa labarin da ya haife ka namu ne mu ma, ta wajen waɗanda aka sayar da ta wajen waɗanda suka sayar, kuma kai kana cikin shaidu kaɗan da suka rage a tsaye.

Garin da ka tarar ma a rikice yake. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas luguden wuta, suka kori Oba Kosoko suka mayar da Akitoye, a 1861 kuma Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin. Tsakanin waɗannan shekaru Madam Efunroye Tinubu, attajira mai ƙarfin faɗa a ji a fada, ba ta ƙaunar yadda masu dawowa daga Burazil da Saliyo ke samun gindin zama, rikicin da ya kai ga korarta zuwa Abeokuta a 1856. Sai ga shi dandalin da ka yi rayuwarka kana kallo sunanta yake ɗauke da shi. Ka ga zuwan Gwamna Glover, wanda ya kafa rundunarsa a 1863 da Hausawa, yawancinsu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu, rundunar da sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Ka ga haɗewar 1914, ka ga 1960, ka ga juyin mulki iri-iri, ka ga gwamnati ta tattara ta koma Abuja a 1991. Duk waɗannan ba wanda ya taɓa ka.

A 1933 Alfred Omolana Olaiya ya saye ka, mutumin Ijesa-Isu a ƙasar Ekiti, ya sa maka sunan Ilojo don tunawa da mahaifarsa. Daga cikin 'ya'yansa akwai Victor Olaiya, mai busa kakakin Turawa, wanda ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan kiɗan highlife, Fela Kuti ma ya yi aiki a ƙungiyarsa yana saurayi. A 1956 ƙungiyar tasa ta yi wasa a liyafar da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth lokacin ziyararta, a shekarar ce kuma aka ayyana gidan mahaifinsa a matsayin kayan tarihin ƙasa. Shekara ce mai daɗi ga gidan, in ka kalle ta daga waje. Ni kuwa ina ganin a shekarar ce aka fara haƙa maka kabari.

Ga dalilina. Waɗanda suka sa ka a jerin da kyakkyawar niyya suka yi. Kenneth Murray da abokan aikinsa, waɗanda suka yi faɗi-tashi har aka yi dokar kayan tarihi ta 1953, aka kuma buɗe gidan tarihi na Onikan a 1957, sun hango abin da ke tafe, sun san siminti da kuɗi za su cinye tsohon gari. A 1979 aka sake doka, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Gine-ginen Tarihi ta Ƙasa. Amma abin da doka ta yi wa irinka shi ne ta ɗaure hannun mai gida ba tare da ta buɗe nata aljihun ba. Ba za ka rushe ba, ba za ka sauya fasali ba, ba za ka ƙara hawa ba, gyara ma sai da izini. To wa zai biya kuɗin gyaran? Hukumar da kasafinta da ƙyar yake wuce albashi, ga gine-gine 65 a wuyanta daga Sakkwato zuwa Kalaba. Ka zama kamar matar da miji ya ƙi ciyarwa ya kuma ƙi saki: igiya tana kanta, wani ba ya iya nema, tukunya kuma ba ta hawa murhu.

Tsohon gini ba ya mutuwa da tsufa, da yoyo yake mutuwa. Kwano ɗaya ya huje, ruwa ya sami kan katakon da ke ɗauke da daɓen sama, katako ya jiƙe, gara ta shigo. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfen baranda, ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya tsaga bangon da aka dasa shi a ciki. Tsaga ta sha ruwa, tsuntsu ya yar da iri, itace ya tsiro, saiwa ta buɗa bulo. In an zo gyara kuma sai a kira birkila ya shafa siminti a kan bangon da aka gina da farar ƙasa. Farar ƙasa tana barin laima ta fita, siminti kuwa kulle ta yake yi a ciki, sai bulo ya riƙa ruɓewa a ɓoye bayan fuskar da ta yi sumul. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kafinta da magini in ana kiransu duk shekara kafin ruwan farko. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san ka'idar. In aka bari shekara 30, sai injiniya ya zo da takarda ya rubuta cewa ginin barazana ne ga rayuka, kuma a lokacin ba lalle ƙarya yake yi ba. A shekarunka na ƙarshe haka ka koma: fenti ya tafi, yaɓe yana zuba, masu ƙananan sana'o'i sun cika ƙasanka da gabanka, sama kuma tana ta lalacewa.

Ba shari'a nake yanke wa kowa ba, amma adalci ne a dubi abin ta wajen magada. Alfred Olaiya ya haifi 'ya'ya 24. Ka lissafa jikoki da tattaɓa-kunne bayan shekara 80. Ga fili a tsakiyar kasuwancin Legas, inda taku ɗaya na ƙasa ya fi gidan wani tsada, maƙwabta duk sun rushe nasu sun tayar da benaye masu hawa biyar da shida suna karɓar hayar shaguna, su kuwa an ce nasu na ƙasa ne, kada su taɓa. Ƙasar kuma ba ta saya ba, ba ta biya haya ba, ba ta gyara ba. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado ya san abin da ke faruwa da gidan da ba ya rabuwa ba ya kuma kawo kuɗi. Dillalai ba sa gajiya da sallama. Wani cikin dangi yana son gidan kakansa ya tsaya, wani yana da kuɗin makaranta a gabansa, kowannensu da hujjarsa.

Hukuncin da dokar 1979 ta tanada ga mai rushe irinka shi ne tarar Naira 1,000 ko ninki biyu na darajar ginin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa. Lokacin da aka rubuta, Naira ta fi Dalar Amurka daraja. A watan da aka rushe ka, Naira 1,000 ba ta kai Dala 4 ba. Maganar ninkin daraja kuwa sai an je kotu, sai an sami mai ƙiyastawa, sai an yi shekaru. Mai shirin gina kantuna ɗari a filin ya riga ya yi wannan lissafi tun kafin ya yi hayar katafila.

Da aka dawo hutu sai ihu bayan hari. Hukumar tarihi ta yi tir, ta ce za a hukunta masu hannu, aka yi maganar sake gina ka yadda kake, gwamnatin jiha ta karɓe filin. Jaridu suka yi ta buga hotonka, mutanen da suka yi shekaru suna wucewa ta gabanka ba su ɗaga kai ba suka fara jin sunan Fernandez. Abin da ya ƙara wa abin ɗaci, a daidai lokacin Jihar Legas tana shirye-shiryen bikin cika shekara 50 da kafuwa, wanda ya faɗo a 2017, ana ta maganar al'adu da tarihi da jawo masu yawon buɗe ido. Daga inda kake zuwa gidan tarihi na Onikan kuma tafiyar ƙafa ce.

Mu ma a Arewa ba mu da bakin yi wa Legas gori. Jerin da kake ciki shi ne Gidan Makama yake ciki, da Hasumiyar Gobarau, da ganuwar Kano da ƙofofinta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka mayar da sabuwa, ganuwar kuma kowa na gani yadda ake yanka ta fuloti-fuloti. Takarda ɗaya ce ta ba ku kariya duka, ƙarfinta kuma ɗaya ne.

Ba wai abin ya gagara ba ne. A Ebute Metta, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai Gidan Jaekel na 1898, wanda ƙungiyar Legacy ta masu kishin tsofaffin gine-gine ta gyara a 2010, da jagorancin mai zanen gine-gine John Godwin, ya zama ƙaramin gidan tarihi. A Ankara an gyara Gidan Burazil na mutanen Tabom, 'yan'uwan Aguda. A can Salvador ma, unguwar Pelourinho, inda kakannin fasalinka suke jere, ta shiga jerin UNESCO a 1985, aka yi mata babban gyara daga farkon shekarun 1990. Sai dai wannan na ƙarshe ba na sha'awarsa gaba ɗaya. An gyara bango an yi fenti mai ɗaukar ido, amma an kwashe talakawan da ke zaune a ciki, jikokin waɗanda suka gina wurin, aka mayar da gidajensu shagunan tsaraba. Da a ce haka za a yi maka, a kori masu sana'a a sa igiya a ƙofa da mai yankan tikiti, da an ceci bangonka an kashe abin da aka gina ka dominsa.

Kanti ne kai, kuma kuskuren da aka yi tun 1956 shi ne aka ɗauke ka kayan gado na ajiyewa a gilashi, aka manta cewa kana iya ciyar da kanka. Musulmi sun daɗe da sanin wannan dabara ta hanyar waƙafi. A Istanbul, bayan 1453, Sarki Muhammadu na Biyu ya gina kasuwa ya sa hayar shagunanta ta riƙa ɗaukar nauyin Masallacin Aya Sofiya, kuma haka manyan gine-gine da yawa suka rayu a Alƙahira da Fas, shago yana riƙe da masallaci ko makaranta ko rijiya. Kai ba masallaci ba ne, amma lissafin ɗaya ne. Da gwamnati ta saye ka daga magada a farashin kasuwa, ko ta yi hayarka na dogon zango, ta gyara rufi sau ɗaya gyara na gaskiya, ta ba da shagunan ƙasa haya, ta ware kaso daga hayar a asusun da ba a taɓawa sai don kwano da yaɓe da fenti, da magada sun sami rabonsu, mai shago ya sami wuri a tsakiyar kasuwa, kai kuma kana tsaye. A Dandalin Tinubu ba a rasa mai neman shago.

Maganar sake gina ka kuwa, gaskiya zuciyata biyu. Hotuna suna nan, ana iya auna tsayi da faɗi a fitar da kamanninka. Amma in da bulon siminti da rodi za a yi, a manna ado da aka zuba a mazubi, to wani gini ne ya ari rigarka. Sanin da ke jikinka a hannu yake: yadda ake jiƙa farar ƙasa a bar ta ta kwana, yadda ake jan zane a ɗanyen yaɓe kafin ya bushe, yadda ake murɗa ƙarfe da wuta ba da walda ba. Aguda sun koya wa yaran gida wannan sana'a, yaran suka bazu da ita cikin ƙasar Yarbawa, shi ya sa za ka ga benayen manoman koko a Ibadan da Ijebu-Ode da Osogbo da ɗan kamanninka. Masu wannan hannu sun kusa ƙarewa. In har za a sake tayar da kai, to amfaninsa ɗaya shi ne a nemo ragowarsu, a Legas ko Porto-Novo ko Bahia, a sa matasa a ƙarƙashinsu, aikin ya zama makaranta, domin Gidan Ruwa na iyalin da Rocha a Titin Kakawa da Masallacin Shitta-Bey da sauran 'yan'uwanka da ke laɓe a lungunan Popo Aguda duk za su buƙaci wannan hannu, wasu ma tun jiya suke buƙata.

In kuma an gina, roƙona kada a rufe ƙofofin ƙasa. A ba mai sayar da yadi da mai gyaran agogo da mai abinci haya, a rubuta a cikin yarjejeniya nawa ne kason rufi, a kuma rubuta sunan ofishin da zai kira kafinta kowace shekara kafin damina.

Wassalam.

Naka,
wani ɗan Arewa mai bin Titin Bamgbose.